Nande da Jagoran da Ba Ya Ɗaukar Ayaba

Duk wanda ya san Bukit Lawang a shekarun nan ya san Tenang Ginting, jagoran da ba ya shiga kurmi da ayaba. Mu nan garin da baƙi muke ci. Suna tasowa daga ƙasashe masu nisa, su sha jijjigar mota daga birnin Medan, don kawai su ga manyan jajayen biran nan, orangutan, a kan bishiya ba a keji ba. Jagora ke gaba, su bi shi a baya, a haye gadar lilo ta kogin Bohorok a kama hawan tudu.

Doka ta ce kada a ba birai abinci, kada a taɓa su, kada a matsa kusa da su. Kowa ya haddace ta, kowa yana karanta wa baƙi ita a bakin gada. Amma baƙon da ya yini yana haki, matsattsaku suna shan jininsa, ya dawo bai ga komai ba, ba zai yi maka kyakkyawar shaida ba. Shi ya sa yawancin jagorori sukan ɓoye 'yar ayaba ko 'ya'yan itacen rambutan a aljihun jaka. A ɗan motsa leda ta yi ƙara, sai ka ga rassa sun fara rawa.

Tenang ba ya yi. Tun daga masauki yake gaya wa baƙinsa, "Ni ban yi muku alkawarin gani ba. Gidansu za mu, in sun ga dama su fito." Ko abincin rana sai an sauko bakin kogi ake ci.

Babban mai tsokanarsa shi ne Jasa Sembiring, ɗan kawunsa, abokin wasansa tun suna tsalle cikin kogi ba wando. Kullum da safe a rumfar mai kofi sai sun taɓa.

"Ga waliyyin kurmi nan!" in ji Jasa. "Yau me za ka nuna musu, tururuwa?"

"Tururuwa da mutuncinta ta fi birin da ka mayar maroƙi."

"Maroƙin nan shi ya yi wa gidana rufi. Kai kuma ruwan sama har kan gadonka."

"Bawan gidanmu, sha kofinka ka yi shiru."

Sai a yi dariya, kowa ya saɓa jakarsa.

Maroƙin da suke nufi wata babbar biranya ce da muke kira Nande, wato uwa. Tana jaririya aka ƙwato ta daga gidan wani mai hali a birni, aka koya mata zaman kurmi, aka sake ta. Ba ta tsoron mutum, kuma a hannun Jasa ta fi cin ayaba. Da farko daga reshe take miƙo hannu. Daga baya ta gane hanya mafi sauƙi: ta sauko ƙasa, ta kama wuyan hannun baƙo, ta riƙe har sai an buɗe jaka. Jagorori suka sa wa wurin suna Shingen Nande. Baƙi kuwa hoto suke yi suna murna, wai biri ya gaisa da su. A shekarar da abin ya faru tana goyon ɗa namiji, ɗan mitsitsi, gashinsa a tsaye kamar an ja shi da wuta.

Baƙuwar Tenang ta ranar wata dattijuwa ce 'yar Holan, sunanta Annelies, tsohuwar ma'aikaciyar jinya. Ita kaɗai ta zo, kuma ita ta nemi a haɗa ta da shi, don ta ji an ce ba ya ciyar da birai. Tenang ya saba kauce wa yankin Nande, sai dai ruwan da aka kwana biyu ana yi ya zabtare 'yar hanyar da yake bi ta gefen tudu. Ya tsaya ya daɗe yana kallon jan laka, sannan ya juya da ita babbar hanya. Ya yi tunanin da hantsi ne, ayarin Jasa ya riga ya wuce, Nande ta ƙoshi ta hau sama.

Tafiyar ta fara da daɗi. Ya nuna mata cilakowa biyu a kan busasshen reshe, ya nuna mata sheƙar ganye da wani biri ya kwana a ciki. Tana tafiya a hankali, tana dogara sandar gora da ya sara mata. Da suka zo gangara sai ya karɓi sandar ya riƙe, don ta kama saiwoyi da hannu biyu.

A nan Nande ta same su. Ba ƙara, ba komai. Tenang ya waiwaya ne kawai ya gan ta tsaye a kan hanya, ɗanta maƙale a kwiɓinta, dogon hannunta ya riga ya naɗe wuyan hannun dattijuwar. Ashe ranar Jasa bai hau ba, baƙinsa sun fasa.

"Mama, kada ki ja," in ji Tenang. "Kada ki kalli idonta. Tsaya kawai."

"Tana matsewa," in ji Annelies, muryarta ƙasa-ƙasa.

Ya sauke jaka ya buɗe ta, ya zazzage a gaban Nande: gorar ruwa, rigar ruwa, ɗan akwatin magani. Nande ta sa ƙafa ta jujjuya kayan, ta sunsuna jakar, ta ɗago ta dube shi. Ba ta saba da jakar da ba komai a ciki ba. Ya yi mata magana da taushi, ya yi fito, ya tsinko wasu 'ya'yan itace na daji ya miƙa mata. Ta bige su. Ya ƙwalla kira ko akwai wani jagora kusa, kurmi ya yi tsit. Waya kuwa ba ta kamawa a wajen.

Sun jima a haka. Hannun dattijuwar ya kumbura ya yi shuɗi. Sai Nande ta gaji da jira, ta fara jan ta zuwa gangara, wajen bishiyar da take son hawa. Annelies ta zame ta faɗi, ta rungumi wata saiwa da ɗaya hannun. Nande ta fizga. Tenang ya ji ƙarar ƙashi, ƙas, kamar an karya ƙirare, sannan ya ji ihun matar.

Bai taɓa ɗaga hannu a kan dabba ba. Ya ɗaga sandar gorar nan da hannu biyu, ya nufi kafaɗar Nande. Daidai lokacin ta juya. Sandar ta sauka a kan ɗan.

Ɗan bai yi kuka ba. Hannuwansa suka saki gashin uwar, ya sulale ƙasa. Nande ta saki baƙuwar, ta yi kan Tenang, ta cafki hannunsa na dama ta kai baki. Bai san iya lokacin da ta ɗauka ba. Da ta sake shi ta suri ɗanta ta hau sama, shi kuma yana durƙushe cikin laka, jini na bin gwiwar hannunsa. Dattijuwar nan, da karyayyen hannunta, ita ta riƙa gaya masa yadda zai ɗaure raunin da haƙori da hannun hagu. A haka suka rarrafo har inda masu yankan bishiyar roba don tatsar ƙaro suka gan su.

A asibitin Medan aka cire masa yatsa biyu. Annelies ta leƙo shi kafin jirginta ya tashi, hannunta a rataye. Ta ce, "Kai ka cece ni." Ya juya fuskarsa bango. Matarsa Rasmita ce ta raka ta ƙofa tana ba ta haƙuri.

Ɗan Nande bai rayu ba. Ta yi ta yawo da gawarsa a jikinta, tana kai shi nono, tana kore masa ƙudaje, har ya bushe. Ba ta ƙara saukowa neman ayaba ba, amma duk ayarin da ta hango sai ta karyo rassa ta jefo. Da ta fasa wa wani baƙo goshi, ma'aikatan gandun daji suka hau da bindigar allurar barci. A cikin raga aka sauko da ita, aka haye gada da ita mutanen gari na kallo, aka sa ta a bayan mota. Sun ce ba za a sake ta ba kuma.

Ƙungiyar jagorori ta yi zama a kan maganar bayan an sallamo Tenang. Shugaban ya karanto doka: jagoran da ya bugi dabba, an karɓe katinsa na jagora.

"To mai ciyarwa fa?" in ji Tenang.

"Wa ka gani yana ciyarwa? Kawo shaida."

Ɗakin cike yake da mutanen da suka san amsar. Kowa ya dubi takalminsa. Wani daga baya ya ce, "Taurin kai ne kawai. Kowa ya san halin Nande, ya shiga ba guzuri."

A waje Jasa ya tare shi. Ba tsokana a bakinsa ranar, idanunsa jawur.

"Ayaba ɗaya, Tenang. Da ka ɗauki ayaba ɗaya da duk wannan bai faru ba."

"Wa ya koya mata kama mutane?"

"Ni ne. Ai ban musa ba. Amma ni ban kashe mata ɗa ba."

Tenang ya ciro katinsa da hannun hagu. Ya koma ciki ya ajiye a kan tebur, ya wuce gida.

Ya nemi aikin yankan roba, hannun ya ƙi riƙe wuƙa. Ya nemi gadi a gonar kwakwar manja, suka ce sun cika. Rasmita ta fara sayar da kayan marmari a bakin gada, ciniki ba ya tafiya, don kowane jagora yana da wadda ya saba da ita. Jasa ne ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ba da sanin Tenang ba, ya roƙe su su koma sayen kayan marmarin abincin ranar baƙi a wajenta. Suka koma. Da wannan ne gidan ya tsaya da ƙafarsa.

Yanzu da sassafe za ka ga Tenang a rumfar matarsa, yana danne abarba da hannunsa mai yatsa uku yana ferewa da hagu. Jagorori suna zuwa su karɓi kankana da abarba na baƙi. Wasu in sun gama sai su rage murya su ce, "Yaya, ƙara mini 'yan ƙananan ayabar nan, a leda daban." Ranar farko da aka faɗa masa haka ya ajiye wuƙa ya tashi ya bar rumfar, sai yamma ya dawo. Rasmita ta zuba masa shinkafa, yara suna ci suna satar kallonsa. Washegari da wani ya sake tambaya, ya ƙulla ledar da haƙori ya miƙa masa.