Farar Rigar Yorgelis

Sau uku Maigualida tana kai 'yarta Yorgelis wata makarantar sakandare a Cúcuta, garin da suke gudun hijira, sau uku ana ce mata ta kawo takardar gama firamare mai hatimi. Takardar kuwa tana can ƙasarsu, a garin Valera, a makarantar da malamanta suka watse. Doka ta ce a ba kowane yaro kujera, ɗan ƙasa ko ɗan gudun hijira. Amma ba doka ce ke zaune a bayan tebur ba, Malama Amparo ce, kuma ranar Juma'a za ta rufe rajista. In ta rufe, yarinyar za ta ƙara shekara tana bin uwarta tallan kofi a bakin titi.

Ranar Juma'a Yorgelis ta fito sanye da wata farar riga da ta yi mata kaɗan, duk an cika ta da rubutun biro.

"Ke, da wannan tsumman za ki kunyata ni?" in ji uwar.

"Mama, ita na ɗauko da za mu tsallaka kogin kan iyaka. Ke tukunya kika ɗauko, ban ce miki komai ba."

A ofis Malama Amparo ta sauke tabarau. "'Yan nan, wa ya yi miki wannan ta'asa?"

"'Yan ajinmu. A garinmu fara ta 'yan firamare ce. Ranar da kika gama aji shida kowa sai ya sa miki hannu, don daga nan shuɗiya ta sakandare za ki sa." Ta ɗora yatsa a ƙirjinta. "Wannan Deivis ne, ɓarawon fensir, yana Peru. Wannan Nairobis, tana Chile. Wannan..." Ta matsar da yatsa kan wani suna. "Ba mu san inda take ba. Na kafaɗa na Malama Zuleima ne, har da kwanan wata. Ta ce in na sa shuɗiyar in je ta gani."

"Kin je?"

"Mun taho kafin a koma makaranta."

Malama Amparo ta tashi, ta zagayo, ta karanta kafaɗar a hankali.

"Riga ba takarda ba ce," ta ce, tana jawo rajista. "Litinin ki zo jarrabawar gwaji. Mu nan ba mu da shuɗiya."

Ashe duk wahalar nan, zagayo tebur kawai ake jira wani ya yi!

A bakin ƙofa Maigualida ta tsaya tana kallon sunayen, ta san uwar kowannensu.

"Muna isa ki cire ta," ta ce a hankali, "kar zufa ta goge su."