Wa Ya Ga Mai Walda?

Tun da benen da ake ginawa ya rufta da ma'aikata, Mama ta kasa zaune ta kasa tsaye. Babban ɗanta ne mai walda a wurin, wayarsa kuma a kashe. An killace titin, asibiti sun ce a jira. Ƙanwarsa Auta ce ta zama idon gidan, tana durƙushe jikin soket saboda wayarta ba ta riƙe caji.

"Mama! An ciro mai walda da rai! Ga shi an rubuta!"

Mama ta zube ta yi sujada a kan siminti, ko tabarma ba ta nema ba. Maƙwabta suka cika falo, kowa da wayarsa, kowa ya ga labarin a wani shafi daban.

"Shafi ɗaya zai iya ƙarya," in ji Kawu, "amma duk waɗannan? Haba dai!"

Auta ce kaɗai hankalinta ya ƙi kwanciya. Aikin jarida take karanta, an kuwa koya mata mugun hali: duk labarin da ta gani sai ta tambayi ubansa. Ta koma ɗaki ta sake dubawa. Ba sunan asibiti, ba likita, ba jami'in ceto. Wannan shafi ya ce a wancan ya gani, wancan ya jingina da wani. Ta yi ta bin su, tana roƙon Allah ta tarar da mutum ɗaya, ɗaya tak, wanda ya ga Yaya da idonsa.

Shafin da ya riga kowa ya ce majiyarsa wata 'yar uwar mutumin ce. Har hoton saƙonta ya saka. Auta ta buɗe, sai ga sunanta da fuskarta. Ita ce ɗazu, tana kuka, ta rubuta: "Yayana ne mai walda a wurin. Allah ya sa an ciro shi da rai." Suka datse "Allah ya sa", suka buga saura. Ba wanda ya ga Yaya. Addu'arta ce ta zaga gari ta dawo musu.

Ta kife wayar a cinyarta.

Mama ta ɗaga labule, ta riga ta yafa mayafi, wankakkiyar rigarsa a hannunta, fuskar nan fal murna.

"Tashi mu tafi, Autata. Wane asibiti suka ce?"