Aski a Bakin Tsohuwar Gada

Yana aji uku a firamare ya fara ganin birnin. A ƙarshen littafin tarihi yake, hoto baƙi da fari: wata gada ta dutse, da hasumiya a ƙarshenta, da ruwa kwance a ƙasa. Malaminsu ya ce gadar ta haura shekara dubu. Yaron ya yage shafin ya kai gida. Ya sha bulala shida saboda shafin, amma bai mayar ba.

Da ya girma ya buɗe shagon aski, sai ya liƙa shafin a gefen madubi. Wata rana wani da ake wa aski ya tambaye shi, "Ka taɓa zuwa ne?"

Ya ce, "Uhm."

Bai ce e ba, bai ce a'a ba. An ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, amma tasa har jikoki ta yi. Cikin shekara talatin, "uhm" ɗin nan ya zama wata uku cur a birnin, har da wani aboki mai aski a bakin gada wanda wai shi ya koya masa gyaran gashin baki. Daga nan aka laƙaba masa Sha-Yawo, mutumin da tafiyarsa mafi nisa ita ce biki a garin surukai.

Autarsa ma'aikaciyar jinya ce, a cikin labarin aka haife ta, ba ta taɓa shakka ba. Da aka tura ta taron kwana uku a wannan birnin, sai ta shigo shago da takardu a hannu tana murmushi.

"Baba, za ka koma ka ga tsofaffin wurarenka. Baffa zai raka ka yawo, tunda ni ina wurin taro."

Baffan da take nufi shi ne Mai Agogo, wanda teburinsa na gyaran agogo ke jikin shagon, abokin Sha-Yawo tun suna yawo ba wando. Ya cire gilashin da ke maƙale a idonsa, ya ce, "Madalla da 'yar albarka. Ga ni ga ɗan gari, me zan nema kuma?"

A jirgi Sha-Yawo ya damƙe hannun kujera kamar za a ƙwace masa.

"Wancan karon ma haka ka riƙe ta?" in ji Mai Agogo.

"Jiragen da sun fi nauyi. Ba sa rawa."

Da safe Auta ta tafi taronta, tsofaffin biyu suka fita. Titunan matsattsu ne, an shimfiɗe su da duwatsu masu santsi, tagogi na sama suna neman taɓa juna. Suka sha wata kwana, sai ga gadar.

Sha-Yawo ya ƙura mata ido. Yana so ya tsaya, ya buɗe baki, ya shafa dutsen, ya yi ihu irin na yaro ɗan aji uku. Sai ya ji idon Mai Agogo a kumatunsa.

"Yaya, ɗan gari? Tana nan yadda ka bar ta?"

"Ta ɗan tsufa," ya ce, ya sunkuyar da kai. "Mu wuce. Ni na gaji da ganinta."

Cikin minti biyu suka tsallake gadar da ya shekara hamsin da takwas yana jira, idonsa a kan takalminsa.

Rana ta biyu ta fi muni. Mai Agogo ya ƙi karɓar taswira a masauki, ya ce abin kunya ne mutum ya riƙe takarda alhali yana tare da gwani. Sau uku suna dawowa gaban wani zaki na dutse mai tofar da ruwa.

"An canza titunan," in ji Sha-Yawo.

"Titunan da suka shekara dubu? Kai suka jira ka tafi?"

A gidan kayan tarihi kuwa, duk abin da ya ja ransa sai ya yi masa hamma don kada a gane. Ya wuce takubba da tsofaffin littattafai da wata kujerar aski ta zamanin da, wadda ya so ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashinta. Da suka dawo masauki da yamma ya zauna a bakin gado yana cire safa, ya tuna gobe da azahar jirginsu zai tashi. Zai koma gida ke nan bai ga komai ba sai takalminsa, kuma a shekarunsa babu karo na biyu.

Washegari Mai Agogo ya tsaya gaban madubi yana shafa haɓa.

"Gemu ya taru. Kai ni wurin abokin nan naka na bakin gada."

"Ai ya yiwu ya rasu."

"Sai mu yi wa iyalinsa ta'aziyya."

Tsautsayi ko sa'a, akwai shagon aski a bakin gadar, ƙarami, mai kujerar aski ɗaya. Mai shagon tsoho ne mai sanƙo, sanye da farar riga. Sha-Yawo ya shiga da fara'a, ya ɗaga murya ya gaishe shi har da tambayar iyali. Tsohon bai ji ko kalma ɗaya ba. Ya dube shi sama da ƙasa, ya nuna kujera.

"Bai gane ka ba," in ji Mai Agogo.

"Idonsa ya yi rauni."

"Mai raunin ido za ka miƙa wa wuyana? Allah Ya isa tsakanina da kai." Amma ya zauna.

Tsohon ya ɗaura masa ƙyalle, ya shafe masa fuska da kumfa, ya ɗauki aska yana wasa ta a jikin wata fata da ke rataye. Sha-Yawo ya matso yana kallon hannun, bai san yana gyaɗa kai ba. Tsohon ya lura. Ya kamo hannun Sha-Yawo ya juya, ya ga kantar almakashi a babban yatsa, ya nuna tasa a daidai wurin. Ya yi dariya, ya miƙa masa askar, ya ja kujerar jira ya zauna.

Duk mai aski ya san abu ɗaya: wanda aska ke kan maƙogwaronsa ba ya magana, ba ya dariya, ko kai ba ya gyaɗawa. Sha-Yawo ya ɗaga haɓar abokinsa da yatsa biyu, ya ɗora askar.

"Kada ka motsa, tana da kaifi. Ban taɓa zuwa garin nan ba. Ban taɓa hawa jirgi ba sai wannan karon. Wannan bawan Allah ban san shi ba, shi ma bai san ni ba. Na ce kada ka motsa!"

Cikin Mai Agogo ya fara rawa ƙarƙashin ƙyalle. Hawaye suka gangaro suka yi hanya biyu a cikin kumfa. Sha-Yawo bai yi sauri ba. Ya bi gefen kunne a hankali, ya gyara gashin baki, ya faɗi sauran duka, sannan ya goge fuskar da tawul.

Dariyar da ta fito sai da ta sa mai shagon ya miƙe tsaye.

"Wai ni kake ba labari?" in ji Mai Agogo yana haki. "Shekarar da kake cewa ka tafi, wa yake goya ka a keke zuwa wurin mai ɗori, da ka karya ƙafa?"

"To me ya sa ka yi shiru shekara talatin?"

"Ina zan yi magana? Na riga na gaya wa rabin unguwa ni na raka ka filin jirgi, ni na riƙe maka jaka. Har na ce ka yi kuka da za mu rabu. In ka faɗi, da ni za ka faɗi."

"Azabar kwana biyun nan fa?"

"Ni ma ai buɗe ido na zo yi."

Sha-Yawo ya ninke askar ya mayar wa mai ita da hannu biyu. Sai ya juya ga abokinsa.

"Auta fa?"

"Wannan tsakaninku ne. Ita dai ba ta da gemu, haka za ka gaya mata tana da bakin magana." Ya duba agogonsa. "Saura awa biyu. Je ka yi ƙauyancinka."

Ya kuwa yi shi son ransa. Ya tsaya tsakiyar gada baki buɗe, masu keke suna ta kaɗa masa ƙararrawa. Ya shafa dutsen, ya sa kunne a jikinsa, ya leƙa ruwa har hularsa ta kusa tafiya. Ya tare wasu baƙi yana nuna musu hasumiya, kamar su ba su gan ta ba.

A haka Auta ta same su, tana janye da jaka.

"Kai, Baba! Sai ka ce ba ka taɓa ganinta ba!"

Sha-Yawo ya share ido da bakin riga.

"Ajiye jakar nan, Auta. Zo ki tsaya kusa da ni, akwai maganar da zan gaya miki."

Mai Agogo ya nemi wuri mai inuwa a jikin gadar, ya zauna, ya harɗe ƙafa.