Kufan Baba Maikano

Shekara goma sha tara ina buga takardu a sakatariyar ƙaramar hukumarmu, kuma ban taɓa ganin an yanke shawara da yunwa ba. Sai an ci, an sha, an yi gyatsa, sannan a tuna da talaka. Sunana A'isha, ni ce magatakardar Kwamitin Tsara Gidaje. Aikina in rubuta abin da manya suka faɗa, in gyara shi ya yi kama da maganar masu hankali.

Bara aka ce za a mai da garinmu Tudun Marke gari na zamani. Motocin garin nan huɗu ne, ɗaya ma a kan duwatsu take zaune, amma Injiniya Muzammil, mai kula da tsarin gari, ya zana mana titi mai hannu biyu. Da farko layin ya bi ta kan gidan surukin shugaban kwamiti, Honorabul Faruk. Honorabul ya kalli taswirar, ya yi gyaran murya sau ɗaya, sai rular Injiniya ta zame da kanta ta sauka a Unguwar Masunta. Gida arba'in da ɗaya aka shafa wa jan fenti.

Mutanen unguwar nan daga Kwarin Ɗinya aka taso su, lokacin da ruwan dam ɗin Tiga ya cinye ƙauyensu. Aka kwaso su a manyan motoci aka juye a bayan garinmu kamar yashin gini. Shekara hamsin ke nan. A nan suka haifa, suka aurar, suka binne, amma har yau idan an zo rabon wani abu sai ka ji an ce baƙi ne.

An ware fuloti sittin a bayan makaranta domin waɗanda za a rushe wa gidaje. Sittin ta fi arba'in da ɗaya, ko ɗan aji biyu ya san haka. Sai dai kafin zama na biyu kowane ɗan kwamiti ya tuna yana da ƙane, ƙanen yana da suruki, surukin ma ba daga sama ya faɗo ba. Nan aka ga fulotan sun yi kaɗan, aka shiga neman sharaɗi.

Honorabul ne ya samo shi, bayan ya gama da kifi banda guda biyu. Ya ce, "Fuloti na ɗan asali ne. Duk mai so ya nuna kufan gidan kakansa a cikin ƙasar wannan ƙaramar hukuma. Kuma ba za mu yarda da labari ba. Kwamiti zai je da ƙafarsa, ya tsaya a kai, ya gani da ido. A'isha, rubuta: gani ya kori ji."

Na rubuta. Kowa a ɗakin ya san inda kufan mutanen nan yake, shi ya sa aka tafa.

Gidan farko a kan layin titin na Baba Maikano ne, wani dattijo masunci mai ƙarancin magana. Mutum goma sha ɗaya ke kwana a gidan. Matarsa Halima ita ke yin bandar kifin da kwamiti ke ci a kowane zama, har wanda Honorabul ya ci ranar sharaɗin. Bayan kwana uku sai ga dattijon a ofishina, riƙe da takardar neman fuloti an cike masa ita tsaf.

Na gaishe shi, na ba shi kujera, na ce, "Baba, an dai karanta maka sharaɗin?"

"Sau uku aka karanta mini, 'yata. Na ji an ce kwamiti zai zo da ƙafarsa."

"Haka aka rubuta."

"To, madalla. Ina jiran su ranar Laraba."

Da na kai wa Honorabul takardar, dariya ya yi har hularsa ta karkace. A lissafinsa, tsohon zai ari kufan wani ne a cikin gari, shi kuma ya kama shi da ƙarya a bainar jama'a, sauran arba'in ɗin su shiga taitayinsu. Don haka ya sa aka ɗauko mai hoton bidiyo tun daga Ƙafin Maiyaki, ya kuma sa babbar rigarsa ta shadda mai ruwan ƙwai.

Ranar Laraba Baba Maikano ya hau bayan ɗan acaɓa yana gaba, motarmu tana biye. Muka wuce kasuwa, muka wuce gonakin rani, Honorabul yana ta tambayar direba ina kuma za a. Hanyar ba ta ƙare ko'ina ba sai bakin dam. Mutanen Unguwar Masunta kaf suna wurin, maza a tsaye, mata a gefe ƙarƙashin bishiya. Ga babban kwalekwale an wanke shi, har da tabarma an shimfiɗa a ciki.

Honorabul ya ce, "Baba, mene ne haka?"

"Ranka ya daɗe, mota ba ta shiga unguwarmu. Amma ba nisa."

'Yan kwamiti uku nan take suka tuna suna da hawan jini. Honorabul ma ya buɗe baki zai tuna nasa, sai ya ga mai bidiyon da ya ɗauko da hannunsa ya saita shi, ga samari sun ɗaga wayoyi, ga zaɓe saura wata bakwai. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Ya tattare shaddar nan har gwiwa ya shiga, yana bismilla da ƙarfi. Injiniya ya bi shi rungume da na'urar awo. Ni ma na shiga da littafina, domin in ban rubuta ba, a wajen hukuma ba a yi ba.

Baba Maikano ya kama filafili ya fara tuƙi. Tun muna jin muryoyin bakin gaɓa har suka ɗauke. Honorabul ya riƙe gefen jirgin da hannu biyu, yana karanto addu'o'in da ban san ya iya ba. Duk igiyar ruwan da ta taɓa mu sai ya ce, "Baba, a hankali." Ranar ce na fara jin kalmar nan a bakinsa, shi da komai nasa yanzu-yanzu ne.

Can tsakiya dattijon ya daina tuƙi. Ya dubi wani tsauni a gabas, ya waiwaya ya daidaita shi da wata kuka a ɗaya gaɓar, ya ɗan ja jirgin baya kaɗan. Sai ya saki dutse ɗaure da igiya. Igiyar ta yi ta tafiya, ta yi ta tafiya, kafin ta tsaya.

Ya ce, "Mun iso. A zaure muke."

Ya shiga nuna mana ruwan da bakin filafili, a natse, kamar mai zagayawa da baƙi. Nan ɗakin kakansa. Nan rumbuna biyu. Can ɗinyar da ƙauyen ya ci sunanta, har yau takan kama masa komar kamun kifi idan ruwa ya ja baya. Nan rijiya, nan madafin mahaifiyarsa, inda ta bar duwatsun murhunta don direban motar da ta kwashe su ya ce ba wuri. Shekararsa goma sha ɗaya a lokacin.

"Bayan katangar nan kuma," ya ce, "kaka yana kwance. Shi bai tashi ba. Duk sanda na biyo ta nan nakan yi masa sallama."

Ya ɗaga hannu ya yi addu'a. Ban rubuta komai ba. Tausayi ya kama ni, kunya ta fi shi, domin ni na buga sharaɗin nan, har na ja masa layi a ƙasa don ya fito.

Honorabul, ganin mai bidiyo na biye da mu a wani jirgin, ya ga ya kamata ya nuna yana dubawa. Ya saki hannu ɗaya, ya leƙa. Wayarsa ta sulale daga aljihun gaba ta yi tsulum. Duk cikin kwamitin ita kaɗai ta cika sharaɗi, ta je ta tsaya a kan kufan. Injiniya ya danna na'urarsa, ya kwafi lambobin wurin, muka juyo.

Kafin la'asar bidiyon ya zaga har Ƙofa. Zaman da aka yi washegari ba a ci kifi ba, Halima ba ta aiko ba. Matsala biyu ce a gaban kwamiti. In an ce tsohon ya yi ƙarya, ga bidiyo. In an ba shi fuloti, da na gaba ake gane zurfin ruwa: mutum arba'in na jira, kowa da kwalekwalensa, kuma Honorabul ya rantse ko a mafarki ba zai sake hawa ba. Kwamiti ya rasa mafita.

Injiniya ne ya cece su. Ya buɗe kundin dokoki ya ce, "Ranka ya daɗe, sashe na huɗu ya ce sababbin fuloti na wanda ba shi da wani fili ne. Shi kuwa Baba, a gaban kwamiti da shaidu, ya tabbatar yana da filin gado. Ga lambobinsa ma a hannuna."

Honorabul ya miƙe ya rungume shi. Aka amince baki ɗaya. Wani ɗan kwamiti, cikin masu hawan jinin nan, ya ce ai adalci ya nuna a ba dattijon takardar mallaka, kada wani ya ci masa iyaka. Wannan ma aka amince. Aka ce sauran arba'in ɗin ba sai an wahalar da su ba, tunda maƙwabtansa ne, hukuncin ya hau kansu.

Ni na buga, ni na kai, don masinjan ofishinmu ya ce yana da iyali. Na tarar Halima ta fara ɗaure tukwane, katafila kuwa tana fake a bakin unguwa tun safe, direbanta yana shan rake. Baba Maikano yana zaune a ƙofar gida ƙarƙashin jan fentin, yana ɗinkin koma. Ya ce in karanta masa.

Na karanta. Hukuma ta tabbatar shi ɗan asali ne. Ta tabbatar masa da filin kakansa da ke Kwarin Ɗinya. An ba shi izinin gini a kai, da sharaɗin ya bar ƙafa goma ta gaba domin titi, ya kuma haƙa magudanar ruwa. In bai fara gini cikin wata shida ba, hukuma za ta ƙwace. Gidansa na yanzu kuwa, a kwashe kafin Talata. Da na kai ƙarshe na miƙa masa takardar.

Ya daɗe yana kallon hatimin. Sannan ya ce, "Wancan karon ko takarda ba a ba mu ba. An ci gaba, 'yata."

Ya juya ya kira matarsa. "Halima, samo mini leda."

Ta kawo. Ya ninke takardar gida huɗu, ya sa a ciki, ya ƙulle bakin sosai da zaren koma.

Na ce, "Baba, ledar fa?"

Ya ce, "Inda aka tura mu akwai laima."