Fentin Jirgin Auke

Tun da bankuna suka durƙushe a ƙarshen bara, waya ta daina ƙara a masana'antar ƙera jiragen ruwa. Attajirai uku suka janye odarsu cikin wata guda. Gangar jikin wani jirgi mai tsawon mita arba'in ta kwanta a babbar rumfa, babu inji, babu mai shi. Ma'aikata ɗari da goma suka koma sittin, kuma kowa a garin Harlingen ya san sashen fenti ne na gaba.

Wiebe Talsma ne shugaban sashen, da mutum tara a ƙarƙashinsa. Shekara talatin da ɗaya yana goge jikin jiragen shaƙatawa na masu hannu da shuni, har mutum ya iya aske gemu yana duba fuskarsa a jikinsu. Dokarsa ta farko, ba a hawa jirgi da takalmi. Shi ya sa masuntan garin ke kiransu 'yan safa.

Marrit, wadda ta gaji masana'antar daga mahaifinta, ta kira shi ofis ta ce ta karɓi aikin fentin wani jirgin kamun jatan lande, na Auke Roorda. Wiebe ya ce ko karensa ba zai bari ya hau wannan kwandon tsatsa ba. Ta ce jirage goma sha huɗu ne a ƙungiyar masunta, duk sun zuba ido. In Auke ya yaba, za su kawo nasu. In ya kushe, za ta rufe sashen kafin bikin Ista.

"Kwana goma, Kawu Wiebe," in ji ta. "Fenti kawai yake so. Ba gasar kyau za a kai jirgin ba."

Aji ɗaya Wiebe da Auke suka yi a firamare, kuma tun lokacin jininsu bai haɗu ba. Ranar da aka ɗago jirgin aka shigar da shi rumfa, ƙarni ya cika ko'ina. Auke ya kama tsani zai hau, sai wani mai fenti ya nuna masa kwandon da ake aje takalma. Auke ya dubi kwandon, ya dubi dogon takalminsa na roba, ya tofa yawu a gefe, ya hau abinsa.

"Kai, ɗan safa," ya leƙo daga sama. "Ku kankare tsatsa, ku shafa baƙi a ƙasa, shuɗi a sama. Ko in rubuta maka? Na tuna karatu bai dame ka ba."

Suka kankare tsatsar cikin kwana uku. Da a nan aka tsaya aka shafa fenti, da an rabu lafiya. Amma Wiebe ya kunna fitila ya haska jikin jirgin ta gefe, yadda ya saba, sai ga lotsawa ko'ina, ta shekara ashirin da jirgin ya yi yana gogar katangar tasha. Ya shafa da tafin hannu, ransa ya ɓaci. Ya sa aka kwaɓa fila, ƙullun da ake cike lotsawa da shi, aka shafe, aka goge, aka sake shafewa. Mataimakinsa Jelle ya ce masa wannan fa aikin banza ne, karon farko da katanga fila za ta zube. Wiebe ya ce duk jirgin da ya fita daga rumfar nan da sunansa yake fita.

Kwana goma suka zama goma sha tara. Sauran jirage na fita Litinin su dawo Juma'a shaƙe da kaya, na Auke na kan turakun ƙarfe ana yi masa kwalliya. Kullum ƙarfe goma, lokacin shan kofi, sai Auke ya zo ya tsaya a ƙofa ya zage su tas. Ya ce sun saba lasar ƙafar ɓarayin duniya, yanzu ɓarayin sun gudu sun bar su da harshe a waje. Wiebe ya ce wanda ya tashi cikin ƙarni ba ya gane turare. Mutanensa suka ci gaba da cin burodi da cuku, ba mai ɗaga kai.

Da aka zo daɓen jirgin, inda masunta ke tsayawa su ja raga, Wiebe ya zuba garin hana santsi a cikin fenti, irin mai laushi da ake sa wa jiragen attajirai don kada ya ci tafin ƙafar matansu.

Ranar miƙa aiki Auke ya zo da shugaban ƙungiya da wasu masunta biyu. Jirgin na sheƙi kamar an fito da shi daga kwali. Auke bai ko kalli jikinsa ba. Ya hau, ya murza daɓen da takalmi, ya sauko, ya ɗauko bokiti daga motarsa, cike da ruwan wankin kifi mai yauƙi. Ya sake hawa ya kwara shi a daɓen. Ya cire takalmansa ya jefa wa Wiebe.

"Saka. Taka daga nan zuwa can."

Wiebe ya saka, don ido ya yi yawa. Taku uku ya yi, ƙafa ta kwashe shi, ya faɗi a kan kwankwaso. Ba wanda ya yi dariya, kuma hakan ya fi dariyar ciwo.

"A cikin rumfa ke nan," in ji Auke. "Babu igiyar ruwa, babu iska. Ɗana ne ke tsayawa a nan wurin, Wiebe. In ya zame, cikin teku zai faɗa, ba kan katifa ba."

Marrit ta ba da haƙuri a gaban kowa, ta ce kwana biyu kawai, kuma masana'anta ce za ta ɗauki nauyi. Ba ta kalli inda Wiebe yake ba.

Wiebe da kansa ya je wurin masu gini ya ɗauko buhun tsakuwar yashi. Ya hana kowa taimaka masa. Ya shafa fenti mai kauri, ya dinga ɗibar yashin da hannu yana watsawa a kai tun yana ɗanye, yana ɗingishi daga wannan kusurwa zuwa waccan. Daɓen ya fito da kaushi kamar bayan kada. Bai taɓa yin aiki mai muni irinsa ba, kuma ko a haka sai da ya tabbatar yashin ya zauna daidai a ko'ina.

Jirgin ya fita ran Litinin. Bayan mako biyu shugaban ƙungiya ya zo ofis, Wiebe na zaune a gefe. Mutumin ya ce Auke ya ce daɓen ya riƙe ƙafa, filar kuwa ta fara zuba kamar yadda kowa ya sani. Za su kawo jirage huɗu kafin rani, bisa sharaɗi guda: Jelle ne zai riƙe aikin, Talsma ba zai taka ko ɗaya ba.

Bai rufe baki ba Marrit ta ce ta yarda.

Wiebe ya jira mutumin ya fita, sannan ya tambaye ta me zai riƙa yi. Ta ce akwai sito, ana bukatar mai ba da gwangwanayen fenti, in yana so. In ba ya so, shekara biyu suka rage masa ya yi ritaya, za a san yadda za a yi.

Ya sauko rumfa ya gaya wa mutanensa. Ya tsaya kaɗan ko wani zai ce wani abu. Jelle ya tambayi ranar da jirgin farko zai shigo, wani ya ce a fara odar yashi tun yanzu.

Wiebe ya karɓi sito. Tagarsa na kallon rumfa. Ran da ake fentin jirgi na biyu ya hango fenti ya zubo a ƙasan lambar jirgin, layi siriri kamar hawaye. Ya ƙwanƙwasa gilashi, ya nuna da yatsa. Jelle ya juyo, ya ga wurin, ya ɗaga kafaɗa, ya matsa da tsaninsa gaba.