Duwatsun Ƙofar Almustafa

Ina ba Zalika kunu da ludayi Almustafa ya ɗaga labule ya shigo, ko sallamar bai ƙarasa ba. Ƙanin marigayi mijinta ne. Bai dubi inda take kwance ba. Bayan ƙofa ya nufa, ya ɗauki dagin da take haƙa rami da shi.

"Kai, mi za ka yi da wanga?" na ce.

"Ajiye shi zan yi, Inna Raƙiya. Gonar ta ubanmu ce, kin sani. Masu porje, masu ba da tallafin noma, na tahowa Talata su gani."

"Ta ubanku? Sa'ad da take fako, ko jaki ba ya tsayawa fitsari a kanta, ina kuke?"

Zalika ta taɓa hannuna, na ƙyale shi. Ya fita da dagin a kafaɗa.

Shekara goma sha tara katanga ɗaya ce tsakanina da ita a nan Tawa. Fakon nan na hanyar Bambeye kowa ya ƙi shi a rabon gado, aka jefa wa mijinta. Ita ce ta mai da shi gona. Kullum bayan asuba ta tafi, ta haƙa rami uku, ta zuba kashin awaki, ta ƙara dutse ɗaya a layin da ke tare ruwa. Uku, ba huɗu ba. Ran salla ma sai ta haƙa take wanka. Na taɓa ce mata, "Ke ba ki gajiya?" Ta ce, "Ni ba na shawara da zuciya. Yau ta so, gobe ta ƙi. Ƙafa nake aikawa."

Shi ko Almustafa gwanin farawa ne. Lambun albasa, wata biyu. Kiwon kaji, ko ƙwai bai gani ba.

Litinin da hantsi Zalika ta buɗe ido ta ce, "Raƙiya, gonar ta Fa'iza ce." Ɗiyarta ke nan, ita kaɗai ta haifa. Can kuma ta ce, "An ba awaki ruwa?" Na ce an ba su. Ta yi kalmar shahada, shi ke nan.

Washegari, ƙasar kabarinta ba ta bushe ba, Almustafa ya kai masu porjen gonar a mato. Ya tsaya cikin ramukanta riƙe da daginta aka ɗauke shi hoto.

Na je wurin mai unguwa na zazzage duk abin da ke cikina. Ina fitowa na ji Almustafa na cewa, "Ku bar tsohuwa, kwana uku za ta huce." Abin da ya ƙona ni, gaskiya ya faɗa. Kafin sadakar bakwai gwiwa ta fara ciwo, fushin ya fara sanyi. Sai na daina shawara da zuciya.

Kullum bayan asuba nakan ɗauko dutse ɗaya daga bakin fakon, in ajiye a ƙofar gidansa, in ce, "Ina kwana, Almustafa. Gonar Fa'iza." In juya. Ba zagi, ba ƙari.

Ya kwashe, na sake. Ya aiko matarsa da goro, na ci goron, na kawo dutse. Ya ce zai kai ni gaban hukuma.

"Mu tafi," na ce. "In sun tambaye ni dutsen mi ne, sai in faɗa musu."

Bai kai ni ba. Da damina ta wuce ya gaji da kwashewa, dama na san zai gaji. Tulin ya kai gwiwa. 'Yan kabu-kabu suka mai da shi kwatance: "Ina za ki, Inna?" "Bayan gidan mai cin gonar marainiya." A masallaci ma, in ji mijin Fa'iza, sai an gama sahu Almustafa ke shiga.

Wata na goma sha ɗaya, ran wata Alhamis, na iso ƙirjina na zafi, dutsen a zane. Ƙofar a rufe. A kan tulin ga dagin Zalika a kwance, an goge masa tsatsa. Ƙotar ta lotsa wuri biyu, daidai inda hannuwanta suke kamawa.

Na ajiye dutsen tukuna, tunda na riga na ɗauko shi. Na ce ina kwana. Sannan na saɓa dagin na nufi gidan Fa'iza, rana ba ta fito ba, akwai sauran sanyin haƙa rami uku.