Yatsan Baba Nagoda

Keken ɗinkin ya yi ƙas, ya tsaya. Baba Nagoda bai ce ko wash ba. Ya ɗaga hannun hagu a hankali, sai ga jan ƙyallen da yake ɗinkawa ya biyo yatsansa. Allura ta shiga ta farce, ta ɓullo ta tsoka, ta karye a ciki.

"Ɗantsoho, miƙo min filaya," in ji shi.

Na miƙe daga kan benci. "Baba, kada ka taɓa. Mu tafi asibiti yanzu."

"Bature, kauce mana daga haske," in ji Ɗantsoho. Shi ya kama guntun allurar da filaya ya fizge. Ya miƙa hannu saman rumfa, ya yakito yanar gizo-gizo daga jikin azara, ya danna a kan jinin. Ya ɗiga man keke a kai, ya yagi ƙyalle daga tarin da ke ƙasa ya ɗaure.

Baba Nagoda tela ne, rumfarsa na jingine da bangon gidan da nake haya a Tudun Wada. Ɗantsoho abokinsa ne tun suna samari, tsohon ma'aikacin reluwe, wanda tun da ya bar aiki ya mai da bencin rumfar nan wurin zamansa. Ni kuwa ɗalibin jami'a ne a harabar Kongo. Sunana Mahmudu, amma Ɗantsoho bai taɓa kira na da shi ba.

"Kun san abin da ke cikin wannan yanar?" na ce. "Kun san abin da ke ƙasan nan da akuya ke kwana a kai?"

Baba ya yi murmushi yana sa sabuwar allura. "Malam Mamuda, shekara talatin da biyar ina wannan sana'a. Wannan ne karo na huɗu da allura ta gaishe ni. Ba komai."

Kalmar da ta fi ƙona min rai a unguwar nan ke nan. Kwata ta toshe, ba komai. Ƙyanda ta kwashe yara uku a layi ɗaya, ba komai, sai haƙuri. Ƙasa ta yi kuɗin mai, an ba ma'aikata ƙarin albashin Udoji, kowane gida ya sayi rediyo, amma mutum ya gwammace ya sa wa ciwo man keke da ya yi tafiyar da ba ta kai shan kofin shayi ba.

Rigunan da yake aiki a kai nawa ne, wato na ƙungiyarmu. Mun kafa ta ne don koya wa manya karatu a unguwanni, muka sa mata suna Farkawa. A shekarar kowace ƙungiyar ɗalibai tana yin odar riguna masu rubutu daga ƙasar waje. Ni na tashi a taro na buga tebur, na ce abin kunya ne, muna da masu hannu a ƙofar gida. Aka sayo rigunan sanyi masu hula guda arba'in daga Ikko, shuɗɗa, babu komai a jikinsu, na ɗauko su a ka zuwa rumfar Baba.

Na zana masa haruffan a kwali. Yakan ɗora kwalin a jan yadi, ya bi da alli, ya yanke, ya jera a ƙirjin riga, sannan ya zagaye bakin kowane harafi da ɗinki mai cika, irin wanda yake yi wa wuyan babbar riga. Wannan aiki sai an cire ƙafar keken da ke danne yadi, don a samu damar juya rigar. Allura na hawa da sauka tsirara, babu abin da ke tsakaninta da hannu. Shi ya sa da farko yakan kafe kowane harafi da allurar hannu kafin ya kai shi keke. Riga biyu yake gamawa a yini.

Na lissafa, na ga ba za mu kai ranar Jumma'ar da za a buɗe aji ba. Na ce da shi wannan kafewar ɓata lokaci ce, ya danne da yatsa mana. Ya dube ni ta saman tabarau, ya daɗe, sannan ya ce, "To, Malam Mamuda." Daga ranar ya koma riga biyar, a haka kuma allurar ta same shi.

Kwana uku bayan karyewar allurar, na dawo daga lacca na tarar da majalisa ta cika, shi kuwa yana ɗinki da yatsa a miƙe, ya kumbura kamar rogo. Ƙyallen ya yi baƙi. Ban ko gaishe su ba.

"Baba, asibiti ga shi can. Riga-kafi ɗaya za su yi maka, kyauta. Me ya hana ka?"

"An shafa masa magani," in ji Ɗantsoho. "Jiya na kawo ganye."

"Kai ne likitan ke nan? Jirgin ƙasa ka gyara, Baba Ɗantsoho, ba mutum ba. Irin wannan jahilcin ne ke kashe mu, muna cewa kwana ne ya ƙare."

Wani dattijo ya tattara carbinsa ya sa a aljihu. Ɗantsoho ya tofar da goro gefe.

"Nagoda, ashe ɗan hayar maƙwabta ya zama uban gida."

Baba ya tsayar da keke. Bai ɗaga murya ba. "Malam Mamuda, idan na je can, layi zan bi daga safe har azahar. In sun tsaga yatsan nan, mako guda ba zan taɓa keke ba. Saura riga goma sha huɗu. Jumma'a ka ce, ko an ɗaga?"

Kowa ya juyo yana kallona. Na san amsar da ta kamata. Na kuma san na gayyaci malamanmu, na yi wa abokaina alkawari, na cika baki a gaban mutum sittin.

"Ba a ɗaga ba," na ce. "Amma da ka gama, ranar Asabar, ni zan kai ka da kaina."

"Allah ya kai mu," in ji shi, ya taka keke.

Ya gama ranar Alhamis da la'asar. Aikin ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Ranar Jumma'a muka jeru mu arba'in da jan rubutu a ƙirji, har wani malaminmu ya shafa nawa yana tambaya daga wace ƙasa aka kawo. Ranar Asabar na je in kai shi, ya nuna min yatsan ya sace, ya ce ai ya warke. Na yi 'yar magana, ba da ƙarfi ba. Ina da jarrabawa ranar Litinin.

Talata da safe ina wanke fuska Inna Kulu, matarsa, ta leƙo ta kan katanga. Ba ta taɓa yi min magana kai tsaye ba sai ranar.

"Malam, zo ka duba maigidan. Koko ya gagare shi."

Yana zaune a bakin gado, ludayi a hannu, kokon na zuba a gemunsa. Haƙoransa sun haɗe. Leɓɓansa sun ja baya kamar mai dariya, idanunsa kuwa babu dariya a cikinsu. Ya yi ƙoƙarin ce min wani abu, wuyansa ya sandare. Na fita da gudu na tare tasi.

Likita bai daɗe yana dubawa ba. Ya ce ciwon sarƙe haƙora ne, ta yatsan ya shiga. Aka sa shi a wani ƙaramin ɗaki a ƙarshen baranda, aka rufe tagogi da bargo. Nas ɗin, wata mace mai sanyin murya, ta ja mu gefe ni da Inna Kulu.

"Ƙara da haske su ne ke tayar masa da shi. Masu dubiya su shiga ɗaya-ɗaya, ba takalmi, ba ɗaga murya, kada su daɗe."

Ba ta rufe baki ba wani ya yar da kwano a baranda. Na ga Baba ya banƙare, bayansa ya tashi daga katifa, sai ƙeya da dugadugai kawai ke taɓa gado. Mutum uku suka riƙe shi. Da abin ya lafa, gumi ya jiƙa zanen gadon, hawaye na gangara cikin kunnensa.

Kafin azahar Tudun Wada ta iso. Teloli, 'yan majalisa, mata da kwanonin abinci a ɗaure cikin ɗankwali. Na san yadda muke dubiya: a cika ɗaki, kowa ya yi sallama, kowa ya ce sannu sau uku, a kawo labarin wani da ya yi irin ciwon. Na jawo kujera na tare ƙofa.

"Likita ya ce ba mai shiga."

Ba haka aka ce ba, amma haka na faɗa, kuma na yi ta faɗa har na yarda da shi. Wasu suka yi addu'a daga nesa suka juya. Wasu suka tafi suna cewa boko ya raba yaron nan da kunya. Ɗantsoho ne ya zo ƙarshe, takalmansa a hannu tun daga bakin baranda. Wani ya riga ya gaya masa dokar.

"Ba zan yi magana ba," in ji shi ƙasa-ƙasa. "In gan shi kawai."

"Ka gan shi ai. Kai ka ɗaure masa yatsa."

"Na ɗaure." Ya sauya wa takalman hannu. "Shekara arba'in, yaro. Ko Makka tare muka je."

"In ya samu sauƙi ka shiga."

Na zaci zai zage ni, na ma shirya amsa. Bai yi ba. Ya sauka daga baranda, ya shimfiɗa buzunsa a gindin darbejiyar da ke fuskantar ɗakin, ya zauna. Nan ya yi azahar, nan ya yi la'asar. Washegari kafin in iso yana nan, takalman a gefensa.

Laraba da rana Inna Kulu ta fito daga ɗakin ta tsuguna kusa da kujerata.

"Malam, yana ta wani gurnani. Ina jin Ɗantsoho yake kira."

Na shiga a hankali. Cikin duhun na sunkuya kusa da bakinsa. Iska ce ke fita ta tsakanin haƙora, amma sunan ne, na ji shi sarai, har sau biyu. Idanunsa na kan ƙofa.

"Baba, ka huta," na raɗa masa. "Kowa na gaishe ka. In ka warke za su zo."

Na fito na ce da Inna Kulu ruwa yake so. Ta dube ni, ta koma ciki. A raina na ce ganin Ɗantsoho zai motsa masa zuciya, ciwon ya tashi. Wataƙila gaskiya ne. Amma da na hango tsohon a gindin bishiya yana jan carbi, na san akwai wani abu kuma. Muddin yana waje, akwai wanda zan nuna in ce shi ne.

Alhamis da hantsi na je Kongo in ɗauki izinin fashin lacca. Ban yi awa biyu ba. Da na dawo na tarar an cire bargunan, tagogi a buɗe, nas na naɗe zanen gado. Inna Kulu na zaune a ƙasan baranda, mayafi ya rufe mata fuska. Ɗantsoho na tsaye a ƙasan matakala. Ko da ba ni nan, bai hau ba.

Aka kawo gawa gida kafin azahar. Maza suka cika ƙofar gida, ana ta shimfiɗa tabarmi har bakin rumfar, wadda wani ya saukar wa da asabari. Ba wanda ya matsa min wuri. Na tsaya jikin bango. Liman ya tambayi wanda zai yi wanka, aka aiko daga cikin gida cewa Ɗantsoho ne. Ya miƙe, ya naɗe hannun riga, ya duba jama'a ɗaya bayan ɗaya har ya zo kaina.

"Bature. Ɗauko buta."

An kewaye wani lungu na tsakar gida da zana. Baba na kwance a kan ƙyauren da aka ciro, an rufe shi da farin zane daga cibiya zuwa gwiwa. Fuskarsa ta saki, bakinsa ya ɗan buɗe. Ɗantsoho ya durƙusa, ya yi bisimilla, ya naɗa ƙyalle a hannunsa. Yana nuna min da haɓa, ina zubawa. Na karkata butar da yawa, ruwan ya fantsama.

"A hankali," in ji shi. "Ba gobara ba ce."

Ya wanke dama. Da ya zo hagu sai ya tsaya. Ya warware bandejin asibiti zagaye bayan zagaye, ya ninke shi, ya ajiye a kan bulo. Yatsan ya yi fari, ya yamushe, da ɗan baƙin ɗigo a tsakiyar farce. Ya riƙe hannun cikin nasa biyu, ya sunkuyar da kai kusa da kunnen mamacin.

"Sannu, Nagoda," ya ce, a hankali ƙwarai. "Tun Talata nake bakin ƙofa."

A waje wani yana yage likkafani, ana jin ƙarar yadin. Sannan, ba tare da ya ɗago ba, ya miƙo hannun ƙarƙashin bakin butar.

"Zuba."

Na zuba. Ruwan ya bi tafin hannun, ya gangara ta kan yatsan, yana ɗiga cikin yashi.